Kifin da Aka Naɗa Jagora Alhali Ɗan Rakiya Ne

Wanda ya taɓa ganin balbela tana bin garken shanu ya riga ya san rabin labarin wannan kifi. A tekuna masu ɗumi, can nesa da gaɓa, inda duk babban kifin shak ya nufa akan ga wasu ƙananan kifaye masu ratsin baƙi biyar zuwa bakwai suna iyo dab da hancinsa, ko gezau. Yawanci tsawonsu bai wuce santimita 40 ba, ko da yake akan sami mai 70. Ragowar abin da shak ya yaga suke ci, da ƙwarin da ke maƙale a fatarsa, ga kuma tsaro na kyauta, don wa zai kai farmaki a gaban shak? Sukan bi kunkurun teku, sukan kuma bi jirgin ruwa kwana da kwanaki.

Bin jirgin nan ne ya rinjayi matuƙan Girka da Rum na da, suka ɗauka kifin yana nuna musu hanyar tashar ruwa. Daga baya wasu suka ce shi ke kai shak inda nama yake. Ko ɗaya ba gaskiya ba ne. Shak yana da hancinsa, ba ya neman ɗan jagora.

Abin dariya shi ne masana ma sun gaji wannan kuskure, har suka yi masa hatimi. Sunansa na kimiyya Naucrates ductor: kalmar farko Girkanci ce, ma'anarta mai iko da jirage, ta biyu kuwa Latin, wato jagora. Sarauta biyu kan bara ɗaya.

Carl Linnaeus, masanin nan na Suwidin, shi ya fara ba shi sunan kimiyya a 1758, amma ya ajiye shi a gidan da ba nasa ba, cikin jinsin Gasterosteus na wasu 'yan ƙananan kifaye masu ƙaya a baya. Sai a 1810 Constantine Rafinesque ya ware masa jinsin Naucrates, kuma har yau shi kaɗai ne a ciki. Danginsa Carangidae ne, makusantansa kuma kifayen Seriola. An daɗe ana lissafa dangin a babban rukunin Perciformes, kafin binciken ƙwayoyin gado ya mayar da su Carangiformes.

'Ya'yan kifin sun fi ba masana wahala. Suna ƙanana sukan fake ƙarƙashin ciyawar teku mai yawo ko halittun nan masu jiki kamar kunu da ke harbi, kuma a kansu akwai ƙayoyin da ke ɓacewa in sun girma. Ganin ba su yi kama da iyayensu ba, masanan ƙarni na 19 suka zaci wani kifi ne dabam, har suka raɗa masa suna Nauclerus.