Abin Da Ya Kamata A Yi Idan Rajistar Aiki Ta Cika Faifan Uwar Garke

Kamar yadda jama'a suka sani, ofisoshi da dama a ƙananan hukumomi sun rage dogaro ga takarda, inda ake ajiye bayanan albashi, da na haraji, da na filaye, da na asibitocin karkara a cikin wata babbar kwamfuta da ke zaune a ɗaki guda cikin sakatariya. Wannan kwamfuta ita ake kira uwar garke, wasu kuma su ce sabar, domin gare ta sauran kwamfutocin ofis suke komawa a duk lokacin da za su ɗauko ko su ajiye wani bayani. Duk ofishin da ya zaɓi ya riƙe tasa a gida, maimakon ya yi haya a wurin kamfani, to ya ɗauki nauyin kula da ita, kuma daga cikin matsalolin da suke tsayar da irin waɗannan na'urori akwai wata wadda ba ruwanta da ɗaukewar wuta ko yankewar intanet. Ita ce cikar faifan ajiya da rubutun da na'urar ke yi wa kanta.

Mun shirya wannan bayani ne domin jami'an da aka ɗora wa alhakin kula da waɗannan na'urori, da kuma shugabanninsu. Har ila yau muna so al'ummar karkara su san abin da ke faruwa, domin su ne suke biyan kuɗin mota daga ƙauye, su iso sakatariya neman takardar shaida ko rasit, a ce musu na'ura ta tsaya, su dawo gobe.

Mece ce rajistar aiki?

Duk wanda ya taɓa shiga ma'aikatar gwamnati ya ga littafin maigadi a bakin ƙofa, inda ake rubuta wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da wurin wanda ya zo. Uwar garke ma tana da irin wannan littafi, sai dai nata ba ɗaya ba ne. Tana rubuta lokacin da aka kunna ta, da wanda ya shigar da kalmar sirri, da manhajar da ta tashi ko ta faɗi, da kowane kuskure da ta ci karo da shi. Wannan tsari ya daɗe, domin tun a shekarun 1980 wani masani ɗan Amurka mai suna Eric Allman ya ƙirƙiro hanyar da ake kira syslog, wadda har yau ake amfani da ita. A na'urorin da ke aiki da babbar manhajar Linux, waɗanda a kansu wannan bayani ya tsaya, ana tara rajistocin a cikin folda mai suna /var/log. A Ubuntu za a ga fayilolin syslog da kern.log da auth.log, a dangin Red Hat kuwa messages da secure.

A ranar da komai ke tafiya daidai, rubutun ba ya da yawa. Matsala tana tasowa ne idan wani ɓangare na na'urar ya samu cikas, ya shiga maimaita kuka guda ba ƙaƙƙautawa. Mu ƙaddara layi ɗaya na rajista yana da haruffa 200, kuma ana rubuta shi sau 100 a kowace daƙiƙa. A kwana ɗaya, wato daƙiƙa 86,400, an cinye fiye da gigabait 1.7, a wata ɗaya kuwa an haura gigabait 50. Faifan da aka ware wa babbar manhaja gigabait 40 ba zai ga ƙarshen wata ba. Da zarar ya cika, rumbun bayanai ba zai iya ajiye sabon shigarwa ba, shafin ofis zai daina buɗewa, kuma a allon na'urar za a riƙa ganin saƙon No space left on device, wanda ke nufin babu sauran gurbi a faifai.

A duba kafin a taɓa

Matakin farko shi ne a tabbatar cewa cikar faifai ce matsalar. Umarnin df -h yana nuna kowane sashe na faifai da kason da aka ci daga cikinsa. Idan aka ga kashi 100, ko abin da ya kusa haka, sai a bi sawu da umarnin sudo du -sh /var/log/* wanda zai jero girman kowane fayil da ke cikin foldar. Yawanci mai laifin ba ya ɓoyuwa, domin za a ga fayil ɗaya ya kai gigabait 20 ko 30 alhali maƙwabtansa ba su wuce 'yan megabait ba. Wani lokaci kuma df -h zai nuna akwai gurbi amma na'urar ta ƙi rubutu. A nan sai a gwada df -i, domin faifai yana da iyakar adadin fayilolin da zai iya ɗauka, kuma tarin ƙananan fayiloli marasa nauyi na iya ƙarar da wannan adadi.

A daidai wannan gaɓa ne jami'ai da yawa suke yin kuskure. Mutane sun yi layi a waje, shugaba yana kira a waya, sai a yi gaggawar goge babban fayil ɗin. Muna jan hankali da a dakata na minti biyar a karanta shi tukuna, domin rajistar da ta kumbura ba ita ce cutar ba, alamar cutar ce, kuma a cikinta aka rubuta sunan cutar sau dubbai. Umarnin sudo tail -n 200 /var/log/syslog zai nuna layuka 200 na ƙarshe. A kwafe su zuwa filashi, sannan a duba wane layi ne yake ta maimaituwa.

Abin da aka fi tararwa bai wuce 'yan abubuwa ba. Akwai manhajar da ke faɗuwa, na'ura ta tashe ta, ta sake faɗuwa, a yi ta haka dare da rana. Akwai ɗan kwangilar da ya kunna cikakken rubutu na bincike a lokacin da yake girka manhaja, ya tafi bai kashe ba. Idan auth.log ne ya kumbura, to akwai yiwuwar an bar ƙofar shiga daga nesa a buɗe ga intanet, masu kutse suna ta gwada kalmomin sirri, kuma maganin wannan shi ne a taƙaita waɗanda ke iya isa ga ƙofar, a kuma girka manhaja irin su fail2ban da ke toshe wanda ya cika gwaji. Mafi haɗari shi ne idan kern.log ya cika da saƙonnin I/O error, wato gazawar karatu ko rubutu a faifai. Wannan yana iya nufin faifan kansa ya kama hanyar mutuwa. Wanda ya goge wannan rajista bai karanta ba, ya goge gargaɗin da zai ba shi damar kwashe bayanan albashin ma'aikata kafin su salwanta. Idan aka ga haka, a fara yin kwafin bayanai zuwa wani faifai kafin komai, sannan a auna lafiyar faifan da umarnin smartctl.

Yadda ake samar da gurbi

Akwai wani abu da yake rikita har waɗanda suka daɗe a aikin. Jami'i zai goge fayil mai gigabait 30, ya sake duba df -h, ya tarar faifai yana nan a cike. Dalili shi ne, a Linux, goge fayil yana cire sunansa ne kawai daga folda, amma muddin wata manhaja tana riƙe da shi a buɗe, gurbinsa ba zai dawo ba, kuma manhajar za ta ci gaba da rubutu a cikin fayil ɗin da ba wanda ke ganinsa. Umarnin sudo lsof +L1 yana fallasa irin waɗannan fayiloli, kuma gurbin yana dawowa ne idan aka sake tayar da manhajar da ke riƙe da su. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a kwashe abin da ke cikin fayil a bar shi a wurinsa, da umarnin sudo truncate -s 0 /var/log/syslog. Tsofaffin rajistoci da sunansu ya ƙare da lamba ko da .gz ba a rubutu a cikinsu, ana iya mayar da su wani faifai.

Na'urorin da ke da systemd suna da wata rajista ta daban a /var/log/journal, wadda ba a buɗe ta da hannu. Ana ganin girmanta da journalctl --disk-usage. Don rage ta, a fara da sudo journalctl --rotate, sannan sudo journalctl --vacuum-size=500M, wanda zai zubar da mafi tsufa har abin da ya rage ya dawo megabait 500. Bisa tsarinta na asali, wannan rajista ba ta wuce kashi 10 cikin 100 na faifai, kuma ba ta haura gigabait 4, amma ga ƙaramin faifai wannan ma nauyi ne. Ana iya ɗaure ta ta hanyar rubuta SystemMaxUse=500M a cikin fayil ɗin /etc/systemd/journald.conf.

Yanzu ga gargaɗin da muke so kowane jami'i ya riƙe da kyau. Ba duk fayil ɗin da sunansa ke ɗauke da kalmar log ba ne rajistar da ake iya zubarwa. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana da folda inda yake rubuta kowane canji kafin ya shigar da shi cikin rumbu. A da sunanta pg_xlog, kuma saboda yadda mutane suke ɗaukar ta a matsayin tarkace suna gogewa, rumbunsu yana lalacewa, sai masu manhajar suka sauya mata suna zuwa pg_wal a fitowa ta 10, a shekarar 2017. Ofishin da har yanzu ke riƙe da tsohuwar fitowa zai ga tsohon sunan. Haka nan MySQL yana da fayilolin ib_logfile da binlog. A fitowa ta 8.0 binlog a kunne yake tun asali, yana kuma ajiye na kwana 30, don haka yakan yi nauyi, amma ana rage shi ne daga cikin MySQL da umarnin PURGE BINARY LOGS, ba da gogewa daga folda ba. Ƙa'idarmu mai sauƙi ce: abin da ke cikin /var/lib kayan manhajoji ne, kada a sa masa hannu sai da masanin manhajar.

A cikin /var/lib ɗin ma Docker yake ajiye rajistar manhajojin da ke gudana a ƙarƙashinsa, kuma bisa tsarin asali bai sa mata iyaka ba. Ana sa iyakar da max-size da max-file a fayil ɗin /etc/docker/daemon.json, sai dai ba ta hawa kan manhajojin da aka riga aka tayar, har sai an sake gina su.

Me ya hana na'urar share kanta?

Ya kamata a yi wannan tambaya, domin Linux yana zuwa da wata manhaja mai suna logrotate, wadda aikinta shi ne ta rufe tsohuwar rajista, ta matse ta, ta buɗe sabuwa, ta zubar da wadda ta tsufa. Bisa tsarin asali tana juyawa mako-mako tana ajiye na makonni 4. Idan rajista ta tara rubutun watanni, to logrotate ba ta aiki, kuma dalilin a wurarenmu sau da yawa yana da nasaba da wuta.

Mun taɓa tarar da haka a wani ofishi. Uwar garkensu tana ɗauke da tsohuwar fitowar Ubuntu, wadda ke gudanar da ayyukan kullum da ƙarfe 6:25 na safe. Su kuwa ba a tayar da janareta sai ma'aikata sun iso wajen ƙarfe 8, a kashe shi da yamma. Ke nan a duk ranar duniya, lokacin sharar yana wucewa na'urar tana kashe, kuma tsohon tsarin ba ya rama abin da ya wuce shi. Babu abin da ya lalace a na'urar, ba ta taɓa samun damar yin shara ba ne kawai. Maganin bai ci ko sisi ba: aka girka anacron, wadda ke rama aikin da ya kuɓuce da zarar an kunna na'ura. Sababbin fitowa suna yin wannan ramuwa da kansu, kuma ana iya tabbatarwa da umarnin systemctl list-timers, inda za a ga ranar da logrotate ta yi aiki na ƙarshe. Wajibi ne kuma a sani cewa logrotate sau ɗaya take zagayowa a rana, don haka manhajar da ta haukace da rubutu tana iya cika faifai tsakanin zagaye biyu. Shi ya sa muke ba da shawarar a ware wa /var/log sashensa na faifai daban a lokacin girka sabuwar na'ura, ta yadda ko ya cika, rumbun bayanai zai ci gaba da aiki.

Sau da yawa takardar da ke isa teburin shugaba ita ce ta neman kuɗin sayen babban faifai. A ganinmu, kada a sa mata hannu sai jami'in ya nuna layin da ke maimaituwa da abin da aka yi a kansa, domin faifan da ya ninka na da sau biyu jinkirta tsayawar kawai zai yi. Abin da ya fi amfani shi ne shugaba ya buƙaci a duba df -h kowace Litinin, a rubuta kason a littafi, a kuma kawo rahoto idan ya haura kashi 80, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Bugu da ƙari, rajistar aiki dukiyar ofis ce. Ita ce ke nuna wanda ya shiga na'ura da lokacin da ya shiga, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi sharuɗɗan karɓar bayanan kwamfuta a gaban kotu. Don haka rajistar shiga da fita a kwafe ta a adana kafin a kwashe ta, a kuma rubuta ranar da aka yi hakan da sunan wanda ya ba da izini. Sannan tana iya ƙunsar sunayen mutane da lambobin wayarsu, waɗanda Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin tsarewa. Jami'in da zai nemi taimakon wani masani daga waje, ya tura masa layukan kuskuren kaɗai, bayan ya cire duk abin da zai nuna ko wane ne mai bayanin.