Karen fadar Pekin: gatan da ya zama masa lalura

Cikin dukan ƙananan karnukan da ake kiwo don ƙawa, da wuya a samu mai tarihin sarauta irin wanda Faransawa ke kira "Pékinois", wato ɗan Pekin. Nauyinsa bai cika wuce kilo 6 ba. Gajere ne, mai dogon gashi da geza irin ta zaki, da manyan idanu da fuska a shafe.

Asalinsa ƙasar Sin ne, inda ya yi ɗaruruwan shekaru ba ya fita daga fadar sarakuna. Mabiya addinin Buda suna girmama zaki, shi ya sa masu kiwon fada suka riƙa zaɓen ƴan kwikwiyon da suka fi kama da shi suna haɗa su. Mafi ƙanƙanta daga cikinsu, fadawa kan saka su cikin hannun riga su yi yawo da su. Talaka kuwa ba shi da ikon mallakarsa.

Yaƙi ne ya fitar da shi duniya. A shekarar 1860 sojojin Ingila da na Faransa suka wawashe fadar bazara ta sarkin Sin kusa da Pekin, suka kwashi karnuka cikin ganima. Wani hafsa mai suna Dunne ya kai wa Sarauniya Biktoriya kariya ɗaya a 1861, aka raɗa mata suna Looty, ma'ana ƴar ganima. Daga baya masu hannu da shuni na Turai da Amurka suka yi ta rububinsa. Har ma cikin karnuka uku da suka tsira daga hatsarin jirgin ruwan Titanic a 1912, ɗaya ɗan Pekin ne.

Halinsa bai rabu da na gidan da ya fito ba. Yana da ji da kai da taurin kai, ba ya karɓar horo da tsawa. Yakan shaƙu da mutum ɗaya ko biyu, ya yi wa baƙo haushi ba tare da tsoro ba. Sai dai gadinsa bai wuce na baki ba, kuma ba ya jure wasan ƙananan yara masu ja da matsa.

Babbar matsalarsa ita ce siffar da mutane suka ƙera masa. Kare da haki yake sanyaya jikinsa, shi kuwa wannan hancinsa gajere ne, hanyar numfashinsa matsattsiya, ga bargon gashi. A 2003, wanda ya lashe babbar gasar karnuka ta Crufts a Ingila sai da aka zaunar da shi bisa ƙanƙara kafin a ɗauki hotonsa. A 2008 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila ta sake ƙa'idojinta, ta ce dole a ga alamar hanci a fuskarsa.

In haka ta faru a ƙasar sanyi, ina ga Yamai ko Tawa, inda zafin Afirilu da Mayu ke wuce digiri 40? Duk ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ya yi sha'awarsa, sai ya tanadi ɗaki mai sanyi da ruwan sha kullum, ya tuna kuma da ranar da aka ɗauke wuta. Ba a fita da shi sai da asuba ko bayan magariba, ba a kuma barinsa cikin mota rufe. Ƙurar hunturu na ɓata masa idanu, don haka ana goge su da lanƙwasar fuskarsa da tsumma mai tsabta. Gashinsa na son tajewa a kai a kai, tare da duba kaska. Tsalle daga kujera mai tsawo na iya taɓa masa ƙashin baya. Allurar rigakafin haukan kare wajen likitan dabbobi ita ma wajibi ce.

Da kulawa yakan kai shekara 12 zuwa 14. Wanda bai shirya ɗaukar wannan ɗawainiya ba, gara ya bar shi ga masu ita, domin dabbar da aka tsare a gida amana ce a wuyan mai gidan.