Shirin Shiga Gasar Ƙidayar Taku ta Wayar Hannu

Wani yayi ya shigo tsakanin ɗalibai, watau gasar ƙidayar taku. Abokai kan ɗora wata manhaja a wayoyinsu, ita kuwa ta riƙa lissafa takun kowa daga safiya zuwa dare, a ƙarshen mako a ga wanda ya ciri tuta. Ita kalmar manhaja daga Larabci muka aro ta, da can tsarin karatu kaɗai take nufi. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne shirin da ya kamata mutum ya yi kafin ya shiga irin wannan gasa.

Akasarin manhajojin nan sukan yanka wa mutum taku 10,000 a rana, har wasu suna zaton likitoci ne suka tsayar da adadin. Alhali kuwa asalinsa talla ne. A 1965, shekara guda bayan wasannin Olamfik na Tokyo, kamfanin Yamasa na Japan ya fito da wata 'yar na'ura mai suna Manpo-kei, ma'ana ma'aunin taku dubu goma, daga nan adadin ya bazu a duniya. A 2019 aka buga wani bincike da I-Min Lee ta Jami'ar Harvard a Amurka ta jagoranta a kan tsofaffin mata 16,741. An tarar mace-mace sun fi ƙaranci tsakanin masu taku wajen 4,400 a rana bisa ga masu 2,700, kuma fa'idar ta yi ta ƙaruwa har wajen 7,500, sa'an nan ta daidaita. Gaskiya ne jikin matashi daban yake da na tsohuwa, amma dai taku 10,000 tafiyar kilomita 7 zuwa 8 ce. Wanda iyakarsa ɗakin kwana zuwa aji, in ya ɗauke ta rana ɗaya, ciwon ƙafa zai sa ya watsar tun mako bai cika ba.

Saboda haka, a ganina, shiri mafi muhimmanci shi ne mutum ya san adadin kansa. Ya ɗora manhajar mako guda kafin gasar, ya yi harkokinsa yadda ya saba, ya ga nawa yake samu. In 4,000 ne, sai ya ƙara ɗari biyar ko dubu, ya zauna a kai har jiki ya saba.

Haka nan kuma wajibi ne a fahimci yadda waya take ƙirga. Ba ƙafa take gani ba. Akwai wata 'yar na'urar jin motsi a cikinta, wadda ke jin girgizar jiki duk lokacin da ƙafa ta dira ƙasa. Don haka wurin ajiye wayar yana da tasiri. Aljihun wando ya fi dacewa, domin yana manne da cinya. Aljihun babbar riga kuwa lilo yake yi, jakar hannu kuma sau da yawa akan ajiye ta a kujera a tafi. Alal misali, na taɓa sauka daga Keke Napep a wata hanya mai gargada na tarar an ƙara mini taku masu yawa, ni da ko ƙasa ban taka ba. Ya kyautu 'yan gasa su yi yarjejeniya a kan irin wannan tun farko, don kada gardama ta ɓata zumunci.

Sauran abubuwan ƙanana ne. A ba manhajar izinin karanta motsin jiki, a cire ta daga tsarin tattalin batir, don yana iya kashe ta ba tare da sanin mai waya ba. A rubuta tsawon jiki daidai, domin da shi take kintatar nisa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita. A watannin bazara kuwa, a yi tafiyar bayan asuba ko da la'asar sakaliya.