Amsar Wasiƙunku: Da Gaske Ne Babu Ƙwari A Mambila?

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, falken shanu a nan Tudun Wadan Zariya. Ya ce an ba shi labari wai sanyin tsaunin Mambila ya kashe ƙwari kaf, don haka yana son kai shanunsa can su yi ƙiba. Shin gaskiya ne?

To malam, rabin zancen aka gaya maka.

Mambila tana Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. Bisanta ya kai wajen mita 1,600, wato ninkin na Zariya biyu har da ɗori. Tudun Wadanmu dai suna ne kawai! Sanyin can ne ƙudan tsando ba ya so. Shi wannan ƙuda, ikon Allah, ba ya saka ƙwai. Macen haihuwa take yi, tsutsa ɗaya tak wajen kowane kwana 10, tsutsar ta nutse cikin ƙasa mai inuwa har ta rikiɗe ta zama ƙuda. In ƙasar ta yi sanyi sai girman ya yi ta jinkiri, da yawa su mutu a ciki. Shi ya sa Fulani suka cika Nguroje da Gembu da shanu.

Amma fa ta gindin dutse za ka bi kafin ka hau. Daga Serti zuwa Mayo Selbe kurmi ne da rafuka, gefen gandun dajin Gashaka-Gumti da aka kafa a 1991, kuma tsando na nan. Cizonsa ne ke kawo sammore. Kada ka ɗaga saniya ko ɗaya sai likitan dabbobi ya yi mata allura, kuma a mota za ka wuce da su, ban da kora. Can saman ma kaska na jiransu.

Batun babu ƙwari kuwa, ina! Cikin kurmin duwatsun akwai kwarkwasa masu fita runduna guda, duk ƙwaron da suka tarar sun cinye shi. Akwai galla, 'yar mitsitsiyar zuma marar harbi. Masu bincike a Gashaka sun ga manyan birai masu kama da mutum suna zura tsinke a ramin kwarkwasa, in sun hau su suɗe. Haka suke wa zumar galla. Gara kuwa, da mu ta hana mu sakat a rumbu, ko kallonta ba sa yi.