Kansar mabiyiya: yadda take sa sojojin jiki su yi shiru

Uwargida, kin taɓa tunanin abin da ke hana jikinki korar ɗan tayi, alhali rabin halittarsa daga uba take? Aikin mabiyiya ne. Ƙwayoyinta na ɗauke da sinadarai irin su PD-L1, masu shaida wa sojojin jiki cewa wannan ɗan gida ne, a ƙyale shi.

To, wani lokaci ƙwayoyin nan kan rikiɗe su zama kansa, galibi bayan cikin da ya lalace ya fito kamar curin inabi, amma har bayan ɓari ko lafiyayyar haihuwa. Da wannan dabarar suke fakewa, sojojin jiki na kallo cutar ta bi jini har huhu.

Sai dai tana jin magani sosai. Tun 1956 likitoci a Amurka suka fara warkar da ita da methotrexate. Idan ta yi taurin kai, yanzu akwai allurar pembrolizumab da ke farkar da sojojin.

Idan jini ya ƙi tsayawa makonni bayan ɓari ko haihuwa, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe. Je asibiti a auna miki hCG, sinadarin da gwajin ciki ke ganowa.