Tutar Jam'iyya: Wa Ke Ba Da Ita, Wa Ke Karɓa?

Manomin Mayahi da ke sauraron rediyon Kano ya san zaɓen fid da gwani sarai. Ya ji yadda wakilan APC suka kwana a dandalin Eagle na Abuja a watan Yunin 2022 kafin Tinubu ya ɗauki tuta. Amma tambaye shi ranar da aka nemi ra'ayinsa kan ɗan takarar jam'iyyarsa a Nijar, sai ya yi murmushi. A nan, kafin a rushe jam'iyyu, babban taron jam'iyya ke naɗa ɗan takara, kuma galibi shugaban jam'iyyar ne. Don haka kokawar gaskiya a kan kujerar shugabancin jam'iyya ake yin ta, tun zaɓe yana nesa.

Wanda aka kayar ba ya zama. A 1991 Tandja Mamadu ya doke Adamu Jermakoye a MNSD-Nasara, Jermakoye ya fita ya kafa ANDP-Zaman Lahiya. A 1999 sai da alƙali ya raba gardamar RDP-Jama'a tsakanin Hamid Algabid da Amadu Sise.

Mu a jihar Maraɗi, rikicin CDS-Rahama ne ya fi taɓa mu. Shefu Amadu, ɗan Kornaka, tsohon firaministan riƙon ƙwarya, ya ja da shugaban jam'iyyar Mahaman Usman bai yi nasara ba, ya kafa RSD-Gaskiya a 2004. Sai ga Abdu Labo, mataimakin shugaban jam'iyyar daga Maraɗi: a zagaye na biyu na zaɓen 2011 ya bi Mahamadu Isufu, Usman ya bi Seini Umaru. Aka yi ta jan zare a kotu har jam'iyyar ta koma hannun Labo, shi kuwa Usman, wanda ya ci zaɓen 1993 da tutarta, ya shiga takarar 2016 da rigar aro ta MNRD-Hankuri. Su biyun ba wanda ya leƙa zagaye na biyu. Guntun gatarinka, in ji Bahaushe, ya fi sari ka ba ni.

A Tasawa, abin da ke isowa a lokacin shi ne sakamako. Mace na ɗaure da atamfa mai hoton ɗan takara, ba ta ko koɗe ba, a ce mata ai mutumin ya canza gida. Shugaban reshen ƙauye ya tara mutane gindin bedi yana lallashi, alhali shi ma a rediyo ya ji.

Ko PNDS-Tarayya, mai ruwan hoda, da ake yaba wa ladabi, daga sama ta naɗa ɗan takara. A ƙarshen Janairun 2019 aka sauke Hasumi Masa'udu daga ministan kuɗi, ana raɗe-raɗin yana son takara, a watan Maris taro ya naɗa Bazum Mohamed, kusan shekara biyu kafin zaɓe.

Yanzu filin ma babu kowa. Sojoji sun dakatar da harkokin jam'iyyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a watan Maris na 2025 kuma shugaban mulkin soja Janar Ciyani ya sa hannu aka rushe su gaba ɗaya.