Sifa guda gaban alƙali: shara'ar na'urar lissafi ta gidan wayar Birtaniya

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan shara'a, mu da nazarin harshe ne aikinmu, shi ne yadda makomar mutum 555 ta rataya ga ma'anar sifa guda. Kafin mu kai ga sifar, wajibi ne mu bayyana asalin rikicin.

Cikin shekara ta 1999 hukumar gidan waya ta Birtaniya ta soma girka wani tsarin lissafi na kwamfuta mai suna Horizon cikin rassanta. Kamfanin ICL, wanda ke hannun Fujitsu, shi ya ƙera shi. Galibin masu riƙon rassan ba ma'aikatan hukumar ba ne, ƴan kasuwa ne da suka sa hannu ga yarjejeniya da ita. In lokacin rufe lissafi ya yi, na'ura takan faɗi adadin kuɗin da ya kamata a iske cikin akwati. In abin da aka ƙirga bai kai ba, sai a ce mai reshe ya cika daga aljihunsa. Wasu sun yi ta cikawa har suka talauce. Wasu kuwa, don su samu buɗe reshe washegari, suka sa hannu ga adadin da suka san bai dace da na akwati ba, aka kama su da laifin ƙaryar lissafi. Daga 1999 zuwa 2015 an hukunta mutum fiye da 900, kuma wajen 700 daga cikinsu hukumar ce da kanta ta kai su gaban shara'a.

Doka ma ta sauƙaƙa mata aikin. Wani sashe na dokar 1984 kan shaida ya ɗora wa mai kawo takardar kwamfuta nauyin nuna cewa na'urar tana aiki daidai. An soke sashen da wata doka ta 1999, aka koma ga tsohuwar ƙa'ida: ana ɗaukar na'ura lafiyarta lau sai wanda ake tuhuma ya kawo hujjar akasin haka. To, ina mai ƙaramin reshe zai samo hujja, alhali kundin kurakuran tsarin yana hannun Fujitsu?

Masu rassa 555, Alan Bates na gabansu, suka haɗu suka kai ƙara babbar kotu ta Landan. Alƙali Peter Fraser ya saurari batun na'urar cikin 2019. Kariyar hukumar ta dogara ga kalmar Ingilishi "robust", ƴar'uwar "robuste" ta Faransanci: ta ce tsarin yana sarrafa ciniki miliyoyi kowace rana, yana fitar da kusan dukkansu daidai, saboda haka ya cancanci wannan sifa. Masanin da ta kawo, Robert Worden, ya yi lissafin yiwuwa, ya nuna cewa da wuya ƙwarai aibin na'ura ya faɗa wa wani reshe cikin wani wata.

A nan ya kamata mu tsaya. In mun so juya kalmar zuwa Hausa, tilas mu zaɓa tsakanin ƙwari, ƙarko da aminci, kuma zaɓin da kansa yana tona abin da Ingilishin ya dunƙule. Ƙwari jure wa nauyi ne, ƙarko jure wa zamani, aminci kuwa shi ne a dogara ga abin da ka faɗa. Hukumar ta kafa hujja kan ƙwari, ta nemi kotu ta ba ta hukuncin aminci. Bayan haka, sifar mai hawa-hawa ce, ana iya cewa wannan ya fi wancan, kuma tana siffanta ɗabi'ar abu gaba ɗaya, ba ta ba da labarin rana guda. Jaki mai ƙwari yana kai kaya kasuwa kullum. Wannan jimla ba ta ƙaryata wanda ya ce ya ga jakin ya yi tuntuɓe ran Laraba. Masanan ɓangarorin biyu ma sun yarda sifar ba ta nufin rashin aibi. Tambayar da ke gaban kotu kuwa ba ta jimillar ciniki ba ce, ta rassan da abin ya shafa ce. Ƙaramin kaso cikin miliyoyi yana iya zama mutane da yawa, shi ya sa alƙali bai karɓi lissafin Worden ba.

An tattauna nau'in aibi 29 cikin shara'ar. Misali guda ya isa. A garin Dalmellington na Sikotland, cikin 2015, allon na'ura ya daskare lokacin da ake shigar da karɓar fam 8.000. Aka sake danna maɓalli, kowace dannawa kuma na'ura ta rubuta sabuwar karɓa, har sau huɗu. Littafi ya nuna fam 32.000, akwati yana da 8.000: giɓin fam 24.000 da babu wanda ya taɓa ko anini. Kotu ta kuma tabbatar cewa ma'aikatan Fujitsu suna iya shiga lissafin reshe daga nesa su gyara shi ba da sanin mai reshe ba, abin da hukumar ta shekara da shekaru tana musu.

Misalin ya kai mu ga kalma ta biyu, wadda a ganinmu ta fi ta farko ɓarna. Abin da allo ke nunawa giɓi ne, wato bambanci tsakanin adadi biyu. Hukumar takan kira shi asara, wato kuɗin gaske da suka salwanta. Daga asara kuma sai a zarce ga sata, wadda ke buƙatar mai aikatawa. Kowane mataki yana ƙara wani zato da ba a tabbatar ba, amma da yake kalma ɗaya tana maye gurbin ɗaya cikin wasiƙu da takardun tuhuma, ba a ganin inda aka tsallaka. Hukuncin watan Maris na 2019 ya datse wannan hanya: ya ce nauyin hukumar ne ta nuna cewa an yi asarar gaske, kuma da laifin mai reshe.

Ran 16 ga Disamba 2019 alƙali ya yanke cewa tsarin farko, na 2000 zuwa 2010, ko kusa bai cancanci sifar ba. Na bayansa akwai shakka a kansa. Wanda aka girka daga 2017 ne ya fi su nesa. Ya kwatanta taurin kan hukumar da na mai dagewa cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Ƴan kwanaki kafin hukuncin an yi sulhu kan kusan fam miliyan 58, amma kuɗin shara'a suka cinye mafi yawa, wajen miliyan 12 kawai suka rage wa masu ƙara. Cikin Afrilu 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39, majalisa kuma ta yi doka cikin 2024 wadda ta soke mafi yawan sauran hukunce-hukuncen a dunƙule. Ƙa'idar ɗaukar na'ura lafiyarta lau, ita kam, sai cikin Janairu 2025 ma'aikatar shara'a ta nemi ra'ayin masana kan ko ya kamata a sake ta.